Goron da Baba Bai Kai Salaga Ba

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan Tamale ba, mahaifina ya kama tari. Na daɗe ina son in ba ku wannan labari, sai in fara rubutawa in goge. Yau wata mata ta tsare ni a bakin ƙofar wurin aiki da tambaya a kan mijinta, na dawo gida na ce to, lokaci ya yi.

Bari in fara da faɗa muku matsayina a gidanmu. Ni ba likita ba ce. Aikina in ɗebi jini, in juya shi a inji, in duba, in rubuta sakamako. Amma a unguwarmu Sabonjida duk wanda ya sa farar riga ya nufi asibiti da safe likita ne, ko da shara yake zuwa yi. Tun ina musawa har na gaji, daga baya ma, in faɗi gaskiya, sunan ya fara yi mini daɗi. Sannan ga wani abu. Sunan kakata aka sa mini, mahaifiyar Baba, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake ce mini tun ina rarrafe. In na ce a yi kaza, sai ya ce, "To, Uwata." Ƙannena duk sun gane hanya, abin da suke so a wurinsa ni suke turawa.

Baba direban lori ne. Ya fi shekara talatin yana kai doya kudu yana dawowa da goro. Hanya ce ta koya masa sigari, ya ce ita ke riƙe masa ido. Da ya ajiye tuƙi ya bari, amma ashe ɓarnar ta riga ta zauna. Da tarin ya fara, mahaifiyata ta haɗa masa zuma da citta da lemun tsami, ya sha har ya gaji. Muka gwada tarin fuka, babu. Sai ranar da na ga jini a hankicinsa. Aka yi hoton ƙirji, aka ɗebi ɗan nama daga huhun aka aika gwaji. Da sakamako ya dawo, likitan da ke duba shi ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Ke ma'aikaciya ce, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ciwon dajin huhu ne, irin wanda ake kira mai ƙananan ƙwayoyi. Halinsa shi ne yana jin magani da wuri, yana kuma dawowa da wuri. In muka fara ƙara masa ruwan magani za ki ga ya miƙe kamar ya warke. Wannan ɗan lokacin shi ne rabonku. In akwai abin da yake son yi, ya yi shi a lokacin."

Kunnena ya ji sarai. Zuciyata ce ta ƙi.

Kun san halin ɗan boko in tsoro ya kama shi. Wani masallaci yake gudu, wani wurin mai magani, ni kuwa wayata na buɗe. Duk lokacin hutun cin abinci, abokan aiki na can suna layin shinkafa da wake, ni ina kan benci ina karanta takardun masu bincike. A nan na ci karo da abin da ake kira microRNA. Wasu 'yan mitsi-mitsin zaruruwa ne da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum, har cikin jini suna yawo, aikinsu su rage ƙarfin wasu saƙonnin da ƙwayoyin gado ke aikawa. Masu bincike sun lura cewa a cikin masu irin ciwon Baba, yawan wasu daga cikinsu ko ƙarancinsu yakan tafi tare da daɗewar majinyaci ko saurin tafiyarsa. Akwai guda da na fi maƙalewa a kanta: waɗanda take da yawa a jikinsu sun fi saurin tafiya, waɗanda take da kaɗan sun fi jimawa. Kowace takarda a ƙarshenta sai ta ce har yanzu bincike ake, ba a kai ga amfani da shi a kan majinyaci ba. Ni kuwa da na zo wannan layin sai in tsallake, kamar mai tsallake kwata.

Ina da wata ƙawa da muka yi makaranta tare, tana aiki a ɗakin bincike a kudu, inda suke da injin auna irin waɗannan abubuwa. Na kira ta na zayyana mata. Ta ce, "Ke, kin san wannan ba gwajin asibiti ba ne ko? Ko na auna, da jinin wa zan kwatanta? Waɗancan mutanen da aka bincika ba mutanenmu ba ne, injinsu daban, hanyarsu daban. Kwalba ɗaya ba ta faɗin komai."

Na ce, "Na sani. Don hankalina ya kwanta ne kawai."

Ta ce, "Hankalin naki nake tsoro."

Na yi mata naci, na yi mata kuka, har ta yarda. Ranar da aka ɗebi jinin Baba kafin a fara magani, na ƙara kwalba ɗaya ba tare da na gaya wa kowa ba. Na juya, na ware ruwan jinin, na daskarar, na cusa cikin kula mai cike da ƙanƙara, na ɗaura a bayan moto, wato babur, na kai tasha na ba motar kudu. Na haɗa da nawa jinin, ita ma ta ɗebi nata, don a samu abin kwatantawa. Ku ji fa babban binciken da na dogara da shi: mutum uku, biyu a cikinsu ma lafiyarsu ƙalau.

Bayan mako uku ta turo mini lamba. Ta Baba ba ta da yawa, kusan daidai da tamu. A ƙasa ta rubuta, "Don Allah kada ki gina komai a kan wannan." Ni kuwa a ranar na gina bene. Na shiga banɗakin wurin aiki na yi kukan murna, na fito na sayi tsire na kai gida, Mma, mahaifiyata, na tambayata ko ƙarin albashi aka yi.

Kuma sai ga shi abin da likita ya faɗa ya faru, ni kuma na ɗauka lambata ce ke aiki. Bayan zagaye na biyu na magani tarin ya lafa. Baba ya koma cin tuwo malmala biyu, ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa, har ya fara yi wa masu moto faɗa a kan gudu a cikin unguwa. Gashin kansa ya zube, ya ce ai an rage masa kuɗin aski.

Wata Laraba na dawo aiki na tarar da shi zaune a tsakar gida, gabansa jakar fata da ya saba tafiya da ita. Ya fito da farar rigarsa ta Juma'a an goge. Kusa da ita ga ƙullin goro a cikin ganye. Mma ta ce da kansa ya hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya je kasuwar Aboabo, ya zauna ya zaɓi fararen goro ɗaya bayan ɗaya, ya hana kowa raka shi.

Na ce, "Baba, ina zuwa haka?"

Ya ce, "Salaga, Uwata. Jibi."

A gidanmu ba a ambatar Salaga. Can ne asalinmu, can kakata ta rasu ina 'yar shekara shida. Lokacin Baba na kan hanyar kudu, lori ya lalace masa a daji, ba kuma zamanin waya a aljihu ba ne. Ƙaninsa, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya jira har la'asar, sannan aka yi mata sutura kamar yadda addini ya ce. Baba ya iso bayan kwana biyu. A gaban 'yan zaman makoki ya nuna ƙaninsa da yatsa ya ce, "Ka binne uwata kamar ba ta haifi kowa ba sai kai. Daga yau ba ni da ƙani." Ya juya ya shiga mota. Ya san ba a ajiye gawa, shi kansa ya sha sallatar wasu da 'ya'yansu ba su iso ba. Baƙin ciki ne ya yi magana, girman kai kuma ya hana shi janyewa. Manya sun shiga tsakani sun gaji. Shekara ashirin da 'yan kai ba gaisuwa, ba suna, ba biki.

Na ce, "To ka kira shi a waya mana. Ko a aika ya zo."

Ya girgiza kai. "Abin da baki ya ɓata a gaban jama'a ba a gyara shi a waya. Kuma wanda ya yi laifi shi ke taka ƙafa. Ni zan je, in durƙusa, in ba shi goro, in faɗa da bakina."

"Me za ka ce masa?"

Ya yi murmushi. "Wannan tsakanina da shi ne. Na daɗe ina shirya ta."

Nan fa likitar gida ta tashi. Na ce ba zai yiwu ba. Maganin nan yana karya sojojin jiki, ƙwayoyin jininsa sun yi ƙasa, ni na auna da hannuna. Ga damina, ga cunkoso a mota, wani ya yi masa atishawa a fuska shi ke nan sai gadon asibiti. Duk wannan gaskiya ne, amma ba abin da ya fi ƙarfin mota ta haya da takunkumi ba ne, kuma na san haka. Na ce ya bari ya gama zagaye shida, ya murmure, ni da kaina zan kai shi.

Mma tana tankaɗe a gefe, ta ajiye rariya. Ta ce, "Ke, bar shi ya je. Salaga ba Makka ba ce, ya tafi da safe ya dawo washegari. Tsoho in ya tashi neman gafara ba a ce masa gobe."

Na ce, "Mma, ba ki san abin da na sani ba."

Ta ce, "Ni ban yi boko ba, amma na wanke gawa."

Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, direba ya san ƙarar injinsa. Wannan sauƙin da nake ji, gangara ce."

Sai na zaro makamina. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, akwai abin da ban gaya maka ba. Na aika jininka kudu an auna wata alama. Masu ciwon nan kashi biyu ne, akwai masu saurin tafiya, akwai masu daɗewa. Kai kana cikin masu daɗewa."

Ya ce, "Subhanallahi. Yanzu jini ya san ajali?"

"Ba ajali ba, Baba, alama ce. Kamar yadda ake ganin hadari a san za a yi ruwa."

Ya ce, "Hadari ma yakan haɗu ya watse."

Ya daɗe yana kallon ƙullin goron. Na riƙe hannunsa na ce, "Ban yarda ka je yanzu ba." Na san abin da nake yi. Na san da wane suna nake magana, kuma na san mutumin da bai samu jana'izar uwarsa ba ba zai taɓa tsallake maganar mai sunanta ba.

Ya ce, "Likita ta faɗa, uwa ta faɗa. To, Uwata."

Ya mayar da rigar cikin jaka, ya sa goron a kai, ya rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsa. Mma ta ɗauki rariyarta ta shige. Ni kuwa har ina jin kaina, wai na ceci mahaifina daga gangancin tsofaffi.

Mako bakwai jakar nan na rataye. Wani lokaci in na shiga kai masa magani sai in tarar ya sauko da ita yana yayyafa wa ganyen goron ruwa. In ya gan ni sai ya ce, "Saura zagaye nawa?" In faɗa masa. Ya ce to.

Saura biyu ya rage. Wata safiya bayan ya dawo masallaci Mma ta miƙa masa koko da ƙosai. Ya karɓi kofin, sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai yi magana, maganar ta ƙi fitowa. Ya sake gwadawa. Ya kalle mu da ido irin na wanda ya shiga ɗakinsa ya tarar an kwashe kaya. Muka garzaya asibiti aka yi hoton kai. Ciwon ya haye ƙwaƙwalwa, ya zauna daidai inda magana take. Likitan ya ce wannan irin ciwon ya saba yin haka, ba tare da sallama ba. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban iya haɗa ido da shi ba.

Aka ba shi magungunan rage kumburi, ya ɗan dawo hayyacinsa. Yana gane kowa, yana jin duk abin da aka faɗa, yana nuna abin da yake so da hannun hagu. Amma a duk kalmomin duniya guda ɗaya ce ta rage a bakinsa: "To." Kana jin yunwa? To. A juya ka? To. Ita ce kalmar da ya ba ni ranar da na hana shi, ita kuma na dinga ji safe da yamma. Wallahi da zagina yake yi da ya fi mini sauƙi.

Da aka sallame mu muka dawo gida, kwana biyu yana nuna bayan ƙofa yana hawaye. A rana ta uku Mma ta same ni a kicin ta ce, "Likita, yanzu me alamar ta ce?" Ba da faɗa ta yi maganar ba. Na zauna a ƙasa na rushe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Tashi ki wanke fuska. Ke kika tare hanya, ke za ki bi ta."

Washegari da sassafe na hau motar Salaga. Ban san garin ba, da tambaya na samu shagon Baba Ƙarami, tela ne mai ɗinkin manyan riguna. Na tarar da dattijo sanye da tabarau a kan keke, kamarsu ɗaya da Baba har yadda suke karkata kai. Na yi sallama na durƙusa na ce, "Ni ce 'yar yayanka ta Tamale, mai sunan mahaifiyarku."

Ya tsayar da keken. Ya cire tabarau. Ya ce, "Uwata?" Ya miƙe ya ba ni kujerarsa, shi ya zauna a kan buhun yadi. Bayan gaisuwa ya ce, "Shi ya aiko ki?"

Na ce, "A'a, Baba. Ba ya iya aike. Ba ya iya magana." Na gaya masa ciwon, na gaya masa halin da ake ciki.

Ya yi salati. Sannan ya faɗi abin da ban sani ba. Ya ce, "Wata biyu da suka wuce wani direba ya kawo mini saƙo, wai yayana zai zo ran Juma'a. Na sa aka share gida, aka yanka zabi. Na sa sabuwar riga na tafi tasha tun hantsi. Sallar Juma'a ce kawai ta tashe ni, na dawo na zauna. Duk motar Tamale da ta tsaya sai in miƙe. Har la'asar ta wuce. Bayan kwana biyu direban ya dawo ya ce wai an ɗaga. Ba dalili, ba komai. Na ce a raina, ai shi ke nan, halin nasa ya dawo. Na yi rantsuwa ko gawarsa aka kawo..."

Ashe Baba ya riga ya aika. Ashe ranar da na durƙusa ina yi masa lacca a kan hadari, ya san ƙaninsa zai je ya jira shi, bai faɗa mini ba don kada ya ɗora mini nauyi.

Na ce, "Baba, ba halinsa ba ne. Ni ce. Ya goge riga, ya sayi goro, ya haɗa jaka. Ni na hana shi." Na faɗa masa komai, har kwalbar jini da kula da ƙanƙara. Ban tsammanin ya gane zancen alamar ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne, "Ya sayi goro?" Na ce ya saya, farare, da hannunsa ya zaɓa. Ya tashi ya rufe shago, ko gida bai koma canza riga ba.

Mun iso Sabonjida bayan azahar. Baba na kwance a kan katifa an jingina shi da matashi. Da ya ga mai shigowa sai ya yunƙura zai sauka ƙasa, so yake ya durƙusa. Baba Ƙarami ya riga shi zubewa, ya riƙe shi ya ce, "Yaya, kwanta. Yaya, ni ne."

Baba ya buɗe baki. Na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, na ga maganar da ya shekara ashirin yana shiryawa tana kai-komo a bayan haƙoransa. Ya ce, "To." Ya sake ƙoƙari. "To. To." Ya dunƙule hannun hagu ya doki katifa.

Baba Ƙarami ya ce, "Na yafe, Yaya, wallahi na yafe, ba sai ka faɗa ba." Baba ya girgiza kai da ƙarfi. Ba ya son yafiyar da bai roƙa ba. Ya ɗaga hannu ya nuna bayan ƙofa, sannan ya nuna ni.

Na sauko da jakar. Na kwance ƙullin, ganyen ya bushe yana karyewa. Tun da ya kwanta ba wanda ya tuna ya yayyafa masa ruwa. Goron ya yamutse, ya yi ja-ja, ya yi tauri. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage. Na ce bari in aika a sayo sabo. Baba ya ce, "To!" da wata irin murya da kowa ya gane a'a yake nufi.

Sai na zuba goron a tafin hannunsa na hagu, na tallafe hannun da nawa, na durƙusa a madadinsa gaban ƙaninsa. Ban san kalmominsa ba, na yi amfani da nawa. Na ce, "Baba Ƙarami, yayanka ya ce ya zalunce ka a gaban jama'a. Ya ce abin da ka yi wa mahaifiyarku shi ne daidai, ka suturta ta a kan lokaci, shi ya kamata ya gode maka. Ya ce kai ƙaninsa ne, bai taɓa daina zama ƙaninsa ba. Yana roƙonka don Allah ka yafe masa." Duk jimlar da na faɗa sai in ji yatsun Baba sun matse nawa.

Baba Ƙarami ya ɗauki goro ɗaya. Ya sa farce zai ɓare, ya ƙi. Ya sa haƙori ya fasa shi da ƙyar, ya jefa ɓari a baki yana tauna, hawaye na bin gemunsa. Busasshen goro ɗaci gare shi, amma ya cinye tas. Ya ce, "Na karɓa, Yaya. Mai sunan uwarmu ce ta roƙa, da hannunka ka bayar. Ni ma ka yafe mini, ni ne ƙarami, da na biyo ka tun tuni." Ya ɗora ɗaya ɓarin a leɓen Baba. Baba ya lumshe ido ya ce, "To," a hankali.

Baba Ƙarami bai koma Salaga ba sai bayan kwana goma sha tara. Shi ya dinga juya shi, shi ya dinga yi masa alwala, shi ya yi masa wanka na ƙarshe, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Kafin Baba ya rasu na nemi gafararsa. Na ce, "Baba, na hana ka abin da ba ni da ikon hanawa, ka yafe mini." Ya ɗora hannu a kaina ya ce, "To." Na yarda yafiya ce. Mma ma ta ce yafiya ce. Amma kalma ɗaya ce ta rage masa, kuma ni na san dalilin da ya sa ban samu fiye da ita ba.

Ban zargi ƙawata ba, ta gargaɗe ni har sau biyu. Ban zargi masu binciken ba, ba su yi ƙarya ba. Suna magana ne a kan taron majinyata, wane rukuni ya fi wane jimawa, kuma da bakinsu sun ce aikin bai nuna ba tukuna. Ina fata su kai ga gaci, wata rana likita ya iya duba jini ya san wa ke buƙatar wane magani da wuri. Har yau in na ga sabuwar takarda a kai ina karantawa, kuma yanzu daga layin ƙarshe nake farawa. Laifin nawa ne. Ba sani nake nema ba, wanda zai ce mini mahaifina ba zai mutu ba nake nema, da na rasa sai na ƙirƙiro shi a cikin kwalba. Na haɗa da farar riga da sunan kakata na danne dattijon da ya fi ni sanin jikinsa.

Mutane kan ce mini ai komai ya yi kyau, sun shirya kafin ya tafi. Haka ne, alhamdu lillahi. Amma Baba Ƙarami, duk sanda na kai masa ziyara, in hira ta yi nisa sai ya ajiye almakashi ya ce, "Uwata, ko ya taɓa faɗa miki abin da ya so ya gaya mini?" In ce a'a. Ya ce, "Ko kaɗan?" In ce ko kaɗan.

Matar da ta tsare ni yau, mijinta irin ciwon Baba gare shi, ya sha zagaye biyu ya miƙe. Ta ce yana ta maganar zuwa ƙauyensu ganin yayarsa, ita kuma tana so ya gama magani tukuna. Ta ga farar riga ta ce, "Likita, babu wani gwajin jini da zai nuna mana ko akwai sauran lokaci?"

Na ce mata ni ba likita ba ce. Na ce ta koma wurin likitansa yau ta tambayi yadda zai yi tafiyar lafiya. Sannan na tambaye ta ko ya riga ya sayi goro.

Ta ce, "Jiya ya saya. Ya aka yi kika sani?"

Na ce, "Ku kai shi tun goron yana ɗanye."